Bashin Goyo

Abubuwa da yawa sun wuce ta kaina a zamana na unguwar Sabo ta Ibadan. Wasu kafin rana ta faɗi na manta su, wasu sai an tuna mini. Amma wannan da zan ba ku labarinsa ba na jin zai fita daga raina har ranar da za a ɗauke ni a makara. Ya faru ne a shekarar da ta biyo bayan kullen korona, shekarar da aka yi tashin hankali a kasuwar Shasha, mutanenmu suka riƙa shigowa unguwa da ƙullin kayansu a ka, zauruka da harabar masallatai suka cika da baƙi. Da wannan nake gane shekarar, ko da yake labarin nawa ba na rikicin ba ne.

A Sabo aka haife ni. Fataucin goro ne ya kawo mahaifina Ibadan daga Kano, ya zauna, a nan Allah ya karɓi abinsa. Ni ban gaji goron ba, allo na gada. Ina da ɗan teburin littattafan addini kusa da masallaci, kuma da yake hannuna ya faɗa da rubutun ajami, duk mai abin rubutawa da bai yi boko ba wurina yake zuwa. Ta haka na san yawancin 'yan dakon kasuwar Bodija, ta haka kuma na san mutumin da wannan labari yake kansa.

Bagobiri ne, daga wani ƙauye can gabashin Sakkwato, da tsagensa na gado tun daga gefen baki har kunne. Ƙato ne na gaske. Buhun albasar da mutum biyu ke nishi kafin su ɗaga, shi kaɗai yake sungumarsa ya ɗora a wuya yana 'yar waƙarsa. A gidan wani Alhaji dillalin albasa yake kwana, kamar yadda muka taso muka tarar a Sabo: baƙo ya sauka a hannun maigida, maigida ya zama uwarsa da ubansa har ranar da zai koma. Iyalinsa suna can gida, da damina yake je musu ya yi noma ya dawo.

Karaya ce ta haɗa mu sosai. Wasu shekaru kafin wannan, wani ɗan acaɓa ya kwashe ni a shataletalen Mokola, ƙwaurina ya karye, na yi wata da watanni a hannun mai ɗori. Abin da ya fi ciwon damuna shi ne rasa Juma'a, ina jiyo huɗuba daga ɗaki ba halin zuwa. Wata Juma'a sai ga Bagobirin ya yi sallama, ya durƙusa a bakin gadona, ya juyo mini baya, ya ce in hau. Na ce ya rufa mini asiri, ni da furfurata a goya ni a tsakiyar Sabo? Ya ce to in zaɓa, ko goyo ko ya saɓa ni a kafaɗa, don shi bai san wata hanyar ɗaukar kaya ba. Na hau. Tun daga ranar har na fara takawa da sanda bai taɓa fashi ba. Muna tafe mutane suna dariya, shi kuwa yana gaya musu wai buhun albasa ya fi ni daɗin ɗauka, don buhu ba ya yi wa mutum wa'azi a kunne.

Da na warke na so in yi masa ɗan alheri, sai ya ture hannuna. Ya ce, "Mallam, ba kyauta niy yi maka ba, bashi ne. Wata rana kai ma sai ka goya ni."

Duk wanda ke wurin sai da ya riƙe ciki saboda dariya, don ni mutum ne da iska in ta yi ƙarfi sai na dafa bango. Daga nan abin ya zama abin wasanmu. Ko daga nesa ya hango ni sai ya ɗaga murya ya tambayi yaushe za a biya, ni kuma in ce ya jira ranar da zai rame ya dawo kamata. Ban san bakina yana faɗin abin da zai zo ba.

A waccan shekarar, bayan ƙurar rikici ta lafa, labari ya iso cewa 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu da rana tsaka. Matarsa da 'ya'yansa maza suna cikin waɗanda aka rasa. 'Yar autarsa ce kawai ta tsira, wata gwaggonta ta gudu da ita cikin Sakkwato. Ya tafi, ya tarar da garin kufai, ya dawo. Muka yi masa ta'aziyya, ya karɓa da dauriya, har muna yaba ƙarfin imaninsa.

A hankali abin ya fara bayyana. Waƙa ce ta fara ɗaukewa. Sai ya jefa wayarsa a kwata, ba wanda ya san dalili. Sai ya daina zuwa kasuwa. Abokan kwanansa suka ce ba ya barci, zaune yake wayar gari yana kallon bango, kuma in wayar wani ta yi ƙara kusa da shi sai gumi ya karyo masa, ya toshe kunnuwa da hannu biyu. Daga baya ya fara fita ya tsaya a tsakiyar titin Mokola, motoci suna ta ƙaho, har sai 'yan keke sun sauko sun janye shi. Amma duk da haka, ko wa ya gaishe shi, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau."

Yanzu da na tsufa ina yawan juya kalmar nan a raina. Mu Hausawa tun muna goye ake koya mana ita. Mutum na kwance rai a hannun Allah, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Gidansa ya ƙone, ka ce ina kwana, ya ce lafiya lau. Ladabi ne, kuma godiya ce ga Ubangiji, ban ce a daina ba. Sai dai kuma ƙofa ce mai kyau da mutum kan ja ya rufe kansa a ciki, mu kuma da ke waje mu ji daɗi mu wuce, tunda ai da bakinsa ya faɗa.

Na yi abin da na sani. Na yi masa rubutu na wanke, in na sa masa ƙwarya a hannu ya sha. An yi masa ruƙiyya, an yi sauka. Kullum dai ƙara zubewa yake, har rigarsa ta koma kamar ta aro.

A lokacin akwai wata ƙungiya ta masu aikin sa kai da ke shigowa unguwarmu. Ba ta gwamnati ba ce, 'yan ma'aikatan jinya ne da wani likita da ke leƙowa jefi-jefi, da taimakon masu hali suke tafiya. Da farko abinci da tabarmi suka kawo wa mutanen Shasha, sai suka lura waɗanda suka ƙoshi ma ba sa barci, shi ya sa suka ƙi tafiya. Suka ari aji ɗaya a wata Islamiyya, suna zama duk ranar Alhamis da yake babu karatu. Shugabarsu wata dattijuwa ce Bayarabiya, tsohuwar nas a sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, muna kiranta Iya. A Sakkwato ta girma, inda mahaifinta ya yi ɗinki, don haka Hausa a bakinta sai dai ta koya wa 'ya'yanmu na Sabo.

Ni ta nema in rubuta musu sanarwa da ajami, saboda 'yan dako. Na zauna na tsara rubutu mai kyau, na ce masu taɓin hankali su zo ranar Alhamis, aka manna a bangon masallaci. Ko mutum ɗaya bai zo ba. Wa zai shiga ƙofar da aka rubuta wannan a kanta jama'a suna kallo? Iya ta ce in sake, in rubuta cewa wanda barci ya ƙaurace wa, ko wanda zuciyarsa ta yi nauyi, ya zo a yi hira. Sai ga mutane sun fara saɗaɗowa, kowa ya ce maƙwabcinsa ya zo tambayar wa. Na ja Bagobirin har bakin ajin, ya tsaya, ya dubi ƙofar, ya ce shi lafiya lau yake, ya juya. Wa zai iya tare shi?

To akwai wata al'ada a Sabo da duk wanda ya zauna cikinmu ya sani. Idan baƙo ya kamu da ciwon da ya gagara, musamman irin wannan, sai a ce a sa shi a mota. Wato a nemi motar kaya mai komawa arewa, a damƙa shi ga direba, a kai shi ga danginsa. Ba mugunta ba ce, iyayenmu sun yi ta ne don kada mutum ya wulaƙanta a ƙasar da ba tasa ba. Amma sun yi ta ne a zamanin da in an sauke mutum akwai gidan da zai shiga.

Wata ranar Laraba bayan azahar ina zaune a teburina, sai mai shayin da ke gefena ya ce, "Malam, ba ka je sallama da mai binka bashi ba? Ai yau za a sa shi a mota."

Ban ko rufe littattafan ba. Na tari keke na ce Bodija. Na tarar da motar an gama lodi, jarkokin manja da huhunan goro an ɗaure su da igiya, direba yana zagayawa yana dukan tayoyi. Can sama, a tsakanin kayan, na hango shi zaune cikin sabuwar riga da Alhaji ya ɗinka masa. An ɗaure wuyan hannunsa da rawani a jikin ƙarfen motar, don kada ya diro a hanya. Na ɗaga kai na gaishe shi. Bai dube ni ba, ya ce, "Lafiya lau, Mallam."

Alhaji yana tsaye a gefe, idonsa ja. Ya ja ni inuwa ya yi mini bayani. Jiya 'yan sanda ne suka tsinto shi a kan gadar Mokola, sai da ya je ya tsaya masa kafin a sake shi. Ya kira wani ɗan'uwan Bagobirin na nesa, shi kuma ya ce a kawo shi, akwai wani gida a bayan gari da ake ajiye irinsu a sa musu mari a ƙafa har su natsu.

"Malam, ni ma ba da son raina ba ne," in ji shi. "In mota ta take shi a hannuna, me zan ce wa Allah? Mara lafiya a gaban danginsa yake jinya, haka muka tarar."

Na ce, "Wane dangi, Alhaji? Garin da za a kai shi babu kowa sai kufai. Mari kuwa ba jinya ba ne. Mutanen Alhamis suna da magani, a bar ni in gwada."

Wani daga cikin 'yan kallo ya ce ai an gwada, shi da bakinsa ya ce lafiyarsa lau. Na tambaye shi, in lafiyarsa lau, me ya sa aka ɗaure shi? Direba ya shiga ya tayar da mota, ya leƙo ya ce shi fa yana so ya wuce Ilori da sauran rana.

Ban san inda maganar ta fito ba, sai ji na yi na ce, "Jama'a, duk kun san mutumin nan yana bina bashi. Ba zai bar garin nan ba sai na biya."

Aka yi dariya, don an ɗauka wasan nan ne na kullum. Ni kuwa na jingine sandata, na taka taya da ƙafar nan tawa mai ɗori, na kama igiya. Wallahi har yau ban san yadda na kai sama ba, na dai san wani ya tallafo ni ta baya, kuma hulata ta faɗi. Na zauna kusa da shi a kan huhun goro, na ce wa direba bismillah, mu tafi, in za a sa masa mari sai a nemo guda biyu. Direba ya kashe mota ya fito yana rantsuwa cewa shi manja aka ba shi ya kai, ba malamai ba.

Alhaji ya daɗe yana kallona. Sannan ya kira mutane su shaida. Ya ce daga yau Bagobirin ya fita daga hannunsa ya koma hannuna, ci da sha da duk abin da zai jawo. Kuma motar nan za ta je ta dawo ta sake lodi. In ta tashi komawa bai ga canji ba, ba zai sake saurarona ba, don ba zai zuba ido mutum ya mutu a titi ba. Na ce na yarda. Da hannuna na kwance rawanin.

A zaurena na shimfiɗa masa. Maiɗakina ta leƙo ta gan shi, ta ja ni ciki ta ce ni da buta ma sai na huta kafin in kai ta banɗaki, ina ni ina wannan, ga jikoki a gida? Na ce ta tuna wanda ya kai ni Juma'a. Jim kaɗan sai ga ta da kwanon kunu, kuma tun daga ranar ba ta taɓa bari ya huce ba.

Washegari na je wurin Iya na gaya mata komai, har da cewa ba zai shiga ajinsu ba. Ta ce to aji zai zo wurinsa. Ranar Asabar da hantsi sai ga ta da jakarta, ba a ranar aikinsu ba. Ta zauna a kan tabarma nesa da shi kaɗan, ta gaishe shi. Lafiya lau. Ta tambayi barci. Lafiya lau. Ta tambayi cin abinci, ta tambayi jiki, duk amsa ɗaya, fuskarsa na bango. Na ce a raina ita ma ƙofar za a rufe mata.

Sai ta ɗan matsa gefe inda haske ke dukan kumatunsa. Ta cire tabarau, ta ƙura wa tsagen nan ido, sai kawai ta tafa hannu.

"Au, ashe bawana ne. Malam, ka ɓoye mini bawa a zaure ba ka gaya mini ba?"

Ga wanda bai sani ba, akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarbawa tun kaka da kakanni. Kowa na cewa ɗaya bawansa ne, kuma duk abin da suka gaya wa juna ba a fushi. Na san da haka, amma ban taɓa zaton za a yi shi a gaban mutumin da ke cikin wannan hali ba. Na buɗe baki zan ce ta bari, ta ɗaga mini hannu. Ta ci gaba da cewa ai don haka aka tsaga musu fuska, in sun gudu a gane su. Ta ce ya tashi ya ɗauko mata jakarta, ya zauna kamar wani sarki uwargijiyarsa tana ƙasa.

Can sai na ga wuyansa yana juyowa a hankali, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Ya dube ta sama da ƙasa. Da wata murya da ta dushe ya ce, "Ke, 'yar manja. Tun yaushe baiwa ka aiken ubangijinta?"

Rabon da in ji wata magana daga bakinsa ban da lafiya lau har na manta. Iya ba ta nuna ta ji wani abin mamaki ba. Ta sunkuyar da kai kamar mai neman gafara, ta ce, "To ubangijina, na tuba. Amma lafiya lau ta baƙi ce, baiwarka ba ta cin ta. Ni gaya mini abin da ke hana ka barci."

Sai ya fara magana yana kallon tafin hannunsa. Ya ce ranar da abin ya faru yana Bodija, buhu na wuyansa, sai waya ta fara kuka a aljihu. Ta tsinke, ta sake, ta tsinke, ta sake. Ya ce a ransa bari ya kai kayan ya sauke tukuna. Da ya sauke ya duba, matarsa ce. Ya kira, ba a ɗauka ba. Ba a sake ɗauka ba har abada.

Ya juyo gare ni ya ce, "Mallam, ni taka kira. Saboda buhun albasa ban ɗauka ba. Har yanzu tana kuka, ko'ina na shiga ina jin ta."

Ƙaton nan ya kifa kai a gwiwa yana kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Na yunƙura zan fara ba shi haƙuri da nassi, Iya ta sake ɗaga mini hannu, sai na yi shiru. A ranar na gane cewa wani lokacin shirun ma aikin lada ne. Sai da ya yi mai isarsa, sannan ta gaya masa cewa abin da ke damunsa ba hauka ba ne, ba kuma iska ba ce. Ciwo ne da ke kama wanda ya gamu da abin da ya fi ƙarfin zuciya, ta gan shi a jikin sojoji, ta gan shi a jikin matan kasuwa, kuma ta ga waɗanda suka tashi. Ni kuma ta ce kada in fasa rubutu da addu'a, nawa da nata ba sa faɗa.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan komai ya warware. Nan ne ma aikin ya fara. Likitansu ya duba shi ya rubuta ƙwayoyi, ƙungiyar ta ɗauki nauyinsu. Na rubuta masa da ajami a jikin kowace takarda, wannan bayan asuba, wannan bayan isha'i, don ya karanta da kansa, kada ya ga kamar ɗura ake yi masa. Da farko maganin ya yi masa nauyi, harshensa ya kakkarye, yana tafe yana layi. 'Yan unguwa suka fara cewa Malam ya ƙarasa shi da ƙwayar Yarbawa. Na koma na faɗa wa Iya, aka rage. Akwai ranakun da zai dunƙule hannu ya ƙi karɓa, sai in zauna a gabansa da kofin ruwa, in ce ni ma ba zan karya ba sai ya sha. Akwai ranar da na idar da la'asar na tarar ba ya zauren. Na bi shi da sanda har Mokola, na same shi a tsakiyar titi. Ba ni da ƙarfin jansa, don haka na tsaya kusa da shi na riƙe hannun rigarsa, motoci suna kauce mana, ana zaginmu da Yarbanci. Da ya ga ba zan matsa ba, shi ya ja ni zuwa gefe. Teburina kuwa ya fi zama a rufe fiye da buɗe. Sau da yawa nakan ji kamar in haƙura, sai in tuna bayan nan da ya durƙusa ya juyo mini, in ce ai ban kai ko rabi ba.

Motar ta je ta dawo. Ranar da aka fara mata lodi, da safe sai ga Alhaji a ƙofar zaurena. Ya tarar da shi zaune, har yanzu a rame, idanu a zurme. Ni kaina na san in da ido za a auna, babu wani canjin da zan nuna. Alhaji ya tsuguna ya ce, "Bagobiri, ina kwana?"

Ya ɗago ya dube shi ya ce, "Alhaji, jiya ban yi barci ba. Amma shekaranjiya na yi, har Mallam ya tashe ni salla."

Alhaji ya juyo ya dube ni, ya sake dubansa. Ya ce shi tunda yake bai taɓa gaida Bahaushe ya ba shi irin wannan amsa ba. Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ce wanda ya san daren da ya yi barci da wanda bai yi ba, ba na mota ba ne. Da yamma ya aiko da buhun gero. Kuma tun daga lokacin, in an ce a sa wani a mota, Alhaji ne ke fara cewa a kai shi wurin Iya tukuna.

Sannu a hankali ya fara shiga ajin Alhamis, wai ya je duba ko baiwarsa tana aiki. A can ya tarar da wasu maza irinsa, kowa da abin da ya rufe a bayan lafiya lau ɗinsa. Iya ta daɗe tana lallaɓa shi ya sake riƙe waya. Da farko tata kawai take ajiyewa a tabarma a kashe, daga baya ya yarda ya riƙe. Ranar da ba zan manta ba a cikin ranakun ita ce wadda aka shirya da gwaggon 'yarsa ta kira. Wayar ta yi ƙara a hannunsa, gumi ya karyo masa. Ya danna, ya kai kunne. Daga inda nake zaune na jiyo 'yar murya tana cewa Baba. Na tashi na fita, don wannan ba tawa ba ce.

Bayan ƙaramar salla ya koma Bodija, ba buhu yake ɗauka kamar da ba, Alhaji ya sa shi kula da rumfa. Yana shan maganinsa, yana aika wa 'yarsa abin da ya samu. Amma ni ban saki ba. Kullum sai na bi shi da tambaya, ya sha, ya ci, ya kwana, in ya yi jinkirin dawowa ina bakin titi.

Wata Juma'a muna tafiya masallaci, ni da sandata shi a gefena, mun zo daidai teburin mai shayi sai ya tsaya cak. Ya ce, "Mallam, sauke ni nan."

Na dube shi, na ɗauka ciwon ne ya motsa. Sai na ga yana murmushi.

"Tun ranar mota kake goye da ni, ba ka aje ba. Ƙafafuna sun yi ƙwari. Sauke ni, bashi ya biya."

Na ce masa to alhamdulillahi, amma ya sani shi ma ba shi da daɗin ɗauka, buhun albasa ya fi shi, don buhu ba ya tafiya Mokola. Ya yi dariyar nan tasa da Sabo ta daɗe ba ta ji ba, ya kira mai shayi ya shaida cewa daga yau ba ya bina komai. Muka yi musabaha, muka shiga sahu.

Yana nan da ransa. Wani lokaci daren yakan yi masa tsawo, in na tambaye shi yakan faɗa. Ranar Alhamis shi ke tsayawa a ƙofar aji, in ya ga wani yana raɓe-raɓe wai maƙwabcinsa ya zo tambayar wa, sai ya kama hannunsa su shiga tare.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, ciwon zuciya ciwo ne kamar karayar ƙafata, yana da masu ɗorinsa, kuma neman su bai rage wa mutum tawakkali ba. Na kuma koyi cewa in ɗan'uwana ya ce mini lafiya lau, in karɓa da hannu biyu, gaisuwa ce. Amma in idona ya ga abin da bakinsa bai faɗa ba, ba na wucewa. Nakan nemi wuri in zauna, in bari gaisuwa ta ƙare, sannan in sake tambaya.